Za mu ƙaura da NFS zuwa sabuwar saba, ina makomar fayilolin da ke kulle?

Sadiq_root: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar saba ku zo ku ba ni shawara. Muna da wata tsohuwar saba ta Linux da take raba ma'aji ta NFS, wato tsarin da yake ba wasu injina damar amfani da fayilolinta ta netwok, ta tsufa sosai disk ɗinta sun fara ba da matsala, an sayo sabuwa. Shirina shi ne in kwashe komai da rsync (manhajar kwafar fayiloli) tun ana cikin aiki, in sake bi na ƙarshe da daddare, sannan in cire IP daga tsohuwar in ɗora wa sabuwar don kar in taɓa fstab ɗin kowa, wato fayil ɗin da kowane inji yake ajiye adireshin sabar a ciki. To abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar kulle. Akwai injina biyu da suke gudanar da sikirif iri ɗaya ta cron (mai tayar da aiki in lokacinsa ya yi), kuma abin da yake hana su yin aikin a lokaci guda shi ne kulle na flock a kan wani fayil da ke cikin ma'ajin. Akwai kuma wata manhaja da take kulle sassan fayil da fcntl tana rubutu a ciki. Idan na juya IP alhali wani yana riƙe da kulle, kullen zai bi shi zuwa sabuwar sabar ne ko ɓacewa zai yi? Oga ya ce shi fa ba ya son a tsayar da komai ko na minti ɗaya.

Garba2049: Wa alaikumus salam. Ɓacewa zai yi. rsync fayil yake kwashewa, shi kuwa kulle ba a jikin fayil yake ba, a cikin ƙwaƙwalwar tsohuwar sabar yake zaune. Ba kwaɗo ba ne da aka maƙala a ƙofa wanda in ka ɗauke ƙofar za ta taho da shi, suna ne a littafin maigadi, kai kuma sabon maigadi ka kawo da littafinsa fari fat.

zee_linux: kafin a yi nisa, wane NFS ne? 3 ko 4? don amsar ba ɗaya ba ce

Sadiq_root: @zee_linux ina ga 4 ne, bari in duba in dawo.

Baffa_Unix: Sadiq ɗana, tun kafin ka kai ga kulle akwai abin da zai fara tare ka. Kilayant, wato injin da yake amfani da ma'ajin, ba da suna yake riƙe fayil ba, da handil yake riƙe shi, wato wata lamba da saba ta ba shi wadda a Linux ake haɗa ta daga shaidar fayilsistem ɗin da lambar inode (lambar fayil ɗin a kan disk) da lambar zubi (generation) ta inode ɗin. Idan ka kwafa da rsync kowane fayil sabon inode zai samu a can. Kana juya IP kilayant zai miƙa wa sabuwar sabar tsohon handil, ita kuma ba ta san shi ba, sai ka ga Stale file handle a ko'ina, har ls ba zai yi ba sai an sauke mawunt, wato an cire ma'ajin daga injin, an sake hawa. To tunda dole a sauke mawunt, dole manhajojin su rufe fayilolinsu, ka ga maganar "ba a tsayar da komai" ta mutu tun a nan.

dan_kanel: Gaskiyar Baffa. Kuma sa fsid= (shaidar fayilsistem) iri ɗaya a exports, fayil ɗin da ke lissafa abin da saba take rabawa, ba zai cece ka ba, rabin handil ɗin kawai yake gyarawa, ɗaya rabin inode ne.

Musty_IT: Ni dai a ganina a sa nolock a mawunt ɗin kawai a huta, babu kulle babu matsala 😅

Ummi_sysad: Haba Musty. nolock ba ya hana manhaja neman kulle, abin da yake yi a v3 shi ne kowane inji ya riƙa ba wa kansa kullen a cikin gida ba tare da ya tambayi saba ba. Kenan injinan Sadiq guda biyu kowanne zai ce na samu, su shiga aikin tare. Ainihin abin da yake gudu kenan, ka mayar masa da shi na kullum.

Musty_IT: toh, Allah ya ba da haƙuri Aunty

Sadiq_root: Na duba /proc/mounts. Yawancinsu vers=4.2 ne, amma akwai wani tsohon inji da yake kan vers=3, kuma ɗaya ne daga cikin biyun da suke cron ɗin nan. Wai!

Injiniya_Bala: To ka haɗa duka biyun kenan, bari in ɗan yi dogon bayani a yi min uzuri. A NFSv3, wanda ya fito tun 1995, ita yarjejeniyar kanta ba ta san wani abu wai shi kulle ba. Wasu ne daban a gefe suke wannan aikin, lockd mai ba da kulle da statd mai lura da wa ya mutu wa ya tashi. Duk kilayant ɗin da ya karɓi kulle statd na saba yana rubuta sunansa a disk, a /var/lib/nfs/sm ko /var/lib/nfs/statd/sm, ya danganta da irin Linux ɗinka. Idan saba ta mutu ta tashi, sm-notify zai bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya ya ce musu na yi ristat, su kuma su ruga su sake karɓar kulle-kullensu a cikin lokacin alfarma, lokacin da saba ba ta ba kowa sabon kulle sai masu maido da nasu na da. Yanzu ka duba naka. Sabuwar sabar ba ta da sunan kowa a wannan folda, don haka ba wanda za ta aika wa saƙo. Shi kuma kilayant na v3 ba ya komawa lokaci-lokaci ya tambaya ko kullena yana nan, da zarar an ba shi ya gama. Zai zauna da yaƙinin yana riƙe da kulle har abada, ita kuma saba duk wanda ya zo nema za ta ba shi.

A v4 kulle ya shigo cikin yarjejeniyar, komai ta fot 2049, kuma haya ake ba ka mai wa'adi, a sabar Linux daƙiƙa 90 ne in ba ka canza ba. Kilayant dole ya riƙa sabuntawa, saboda haka shi zai gane da kansa: yana zuwa sabuwar sabar za ta ce ban san wannan zaman ba, ban san lambarka ba, sai ya ɗauka ristat aka yi ya fara neman maido da abin da yake riƙe da shi. Amma saba ba za ta yarda ba sai abu biyu sun cika, tana cikin lokacin alfarma, kuma sunansa yana cikin jerin da ta ajiye a disk na waɗanda suke da haƙƙin maidowa. A Linux na yanzu nfsdcld ne yake riƙe da wannan jerin a /var/lib/nfs/nfsdcld, a na da kuma nfsdcltrack ko foldar v4recovery.

zee_linux: ƙari a kan na Injiniya, kanel na yanzu in nfsd (sabar NFS ta cikin kanel) ya tashi ya ga jerin ba kowa, tsallake lokacin alfarmar yake yi gaba ɗaya, zaka ga ya rubuta a dmesg cewa ba kilayant da zai maido. so ko ka yi wa sabuwar ristat daidai lokacin juya IP, in baka kwaso foldar ba ba abin da ka yi

Sadiq_root: Me yasa saba take da wannan tsaurin ne? In kilayant ya ce nawa ne ai sai a ba shi, tunda ba wanda ya nema.

Injiniya_Bala: Saboda kilayant zai iya faɗin abin da ya yi imani da shi alhali ba haka ba ne. Ɗauki inji A yana riƙe da kulle, netwok ɗinsa ya yanke, wa'adin hayarsa ya ƙare, saba ta ƙwace ta ba B, B ya yi rubutunsa ya saki. Sai saba ta yi ristat, daidai nan netwok ɗin A ya dawo. A bai san an yi komai a bayansa ba, sai ya zo ya ce a maido min da kullena. In aka ba shi zai ci gaba da aiki da abin da ya karanta tun kafin B ya canza fayil ɗin, ya rubuta a kai. Wannan misalin yana nan a cikin RFC 7530 da 8881, takardun ƙa'idar NFSv4, kuma shi ne dalilin da ya sa dole saba ta riƙe wannan jerin a disk ba a ƙwaƙwalwa ba.

Hauwa_dev: Ni ta ɓangaren manhaja nake kallon abin. Tambayar da ta fi damuna ba wai ko kulle zai ɓace ba, a'a, idan ya ɓace wa zai gaya wa manhajar? fcntl ya dawo da nasara tun ɗazu, ba wata hanya da zai sake kiranka ya ce af, na fasa.

dan_kanel: @Hauwa_dev a v4 akwai ɗan abu. Tun kanel 3.12, idan kilayant ya gane kullen ya salwanta, duk read ko write da aka yi ta wannan fayil ɗin da aka buɗe zai dawo da EIO, wato era na karatu ko rubutu, kuma haka zai ci gaba har sai an saki kullen ko an rufe fayil ɗin. Kafin nan kanel sake karɓar kullen yake yi a ɓoye kamar ba a yi komai ba, wanda shi ne hanyar lalata bayanai cikin ruwan sanyi. Har yanzu akwai saitin recover_lost_locks da yake dawo da tsohon halin, dan Allah kar wanda ya kunna shi don kawai EIO ta dame shi.

Hauwa_dev: Yawwa, to manhajar fcntl ɗin Sadiq za ta ga EIO, in an rubuta ta da kyau ta tsaya. Amma ku duba sikirif ɗin cron. flock yana buɗe fayil ɗin kulle ya riƙe, sannan sikirif ya tafi yana aiki a kan WASU fayilolin daban. Ba ya taɓa karanta fayil ɗin kullen balle ya rubuta a ciki. To ta ina EIO za ta same shi? Babu. Kullen zai tafi, sikirif yana ta aikinsa, ɗayan injin ya zo ya samu kulle shi ma ya fara. Ko duka biyun suna kan 4.2 haka za a yi.

dan_kanel: Wlh haka ne. Kariyar tana kan fayil ɗin da aka kulle ne kawai.

Garba2049: Irin wannan ta taɓa faruwa a wani wurin da na yi aiki, ma'ajin ya koma ɗaya sabar da tsakar dare ana cikin haɗa rahoto, da safe aka tarar kowane layi ya fito sau biyu a fayil ɗin ƙarshe. Ba wani era a log ɗin manhajar, tsaf. Sai a dmesg na kilayant aka ga layi ɗaya tak na lockd yana cewa failed to reclaim lock, shi kenan abin da aka samu.

Nura_win: Ku dai mutanen Linux kuna son wahala 😂 A SMB 3.0, tun Windows Server 2012, in ka sa rabon ya zama mai samuwa kullum a kan kulasta, handil ɗin da kulle-kullensa ana ajiye su ne a inda duka sabobin suke gani, ɗaya ta faɗi ɗayar ta ɗauka, kilayant ya sake haɗawa ya ci gaba, mai aiki ɗan tsaiko kawai zai gani.

Ummi_sysad: Malam Nura ai wannan kulasta ce da aka gina tun farko don haka, disk ɗaya sabobi biyu. Ka kwashe fayiloli da robocopy zuwa wata sabar daban ka juya suna mu ga ko handil zai bi ka. Matsalar Sadiq ce dai za ka samu, sai dai sunan era ɗin ya bambanta.

Nura_win: Eh to, wannan kam haka ne. Amma dai namu ya fi sauƙin saitawa.

zee_linux: an fara 🙄

MalamTasiu: Ina karanta ku tun ɗazu, ba wanda ya ambaci cewa NFSv4 tana da ƙaura ta gaskiya a cikin yarjejeniyar, ba wai dabarar juya IP ba. Tsohuwar saba tana nan a raye, kilayant ya zo neman fayil sai ta amsa masa da NFS4ERR_MOVED, shi kuma ya tambayi fs_locations, ta faɗa masa sabon wuri, ya tafi can. Idan sabobin biyu sun miƙa wa juna bayanan zaman, wato lambar kilayant da abubuwan da ya buɗe da kulle-kullensa, to yana isa zai tarar da komai yana jiransa, ba maidowa ba lokacin alfarma. Har an tanadi yadda za a sanar da kilayant ɗin da yake zaune shiru bai taɓa wannan ma'ajin ba, don kar hayarsa ta ƙare a sabuwar sabar bai sani ba: a 4.0 da NFS4ERR_LEASE_MOVED, a 4.1 kuma da wata tuta a amsar SEQUENCE. RFC 7931 na 2016 gaba ɗayansa a kan gyara wannan ne a 4.0, sannan 8881 na 2020 ya gyara na 4.1.

Sadiq_root: Allah ya saka Malam! To ai wannan nake nema, ya ake kunna shi?

MalamTasiu: Kar ka yi saurin murna. Kilayant na Linux ya iya bin ƙaurar, har akwai zaɓin mawunt mai suna migration na 4.0 wanda yake sa kilayant ya gabatar da kansa da suna iri ɗaya ga duka sabobin, don in ba haka ba sabuwar ba za ta gane shi ne mai kayan ba. Amma nfsd na kanel ba shi da hanyar da zai tattara kulle-kullen da ke ƙwaƙwalwarsa ya miƙa wa wata sabar. Yarjejeniyar ma ba ta faɗi yadda sabobi biyu za su yi wannan miƙawar ba, ta bar wa kowane mai ƙera saba. Abin da exports yake ba ka shi ne refer= da replicas=, nuni ne kawai zuwa wani wuri. Kuma injinka na v3 bai san duk wannan zancen ba.

Sadiq_root: Kai jama'a. An ba ni an ƙwace.

Baffa_Unix: In dai lallai ogan naka ya kafe, hanya ɗaya ce ta rage, ka sa abin ya yi wa kilayant kama da ristat na saba ɗaya. Ma'ana ka bar rsync, ka kwashe a matakin disk yadda inode ba zai canza ba, ko da DRBD (mai kwafar disk zuwa wani injin ta netwok) ko ka cire LUN ɗin, wato yankin disk ɗin, daga wannan ka ba wancan in a SAN (ma'ajin disk na tarayya) yake. fsid ɗaya. Foldar /var/lib/nfs ta bi ka, ta statd da ta nfsdcld duka. Ka tsayar da nfsd a tsohuwar, ka sauke IP, ka ɗora a sabuwar, sannan ka tayar da nfsd don lokacin alfarma ya fara daga nan, ka kuma tura sm-notify da -v da sunan ko adireshin da kilayant ɗin v3 ya san sabar da shi, don in saƙon ya zo da baƙon suna watsi zai yi da shi. Abin da Pacemaker, manhajar kula da kulasta, yake yi kenan, kai da hannu za ka yi sau ɗaya.

dan_kanel: Baffa a ƙara da scope. Daga 4.1 saba tana faɗin scope ɗinta, wato shaidar rukunin sabobin da take ciki, lokacin EXCHANGE_ID (gaisuwar farko da kilayant), nfsd kuma hostname yake sawa in ba ka ce komai ba. Idan kilayant ya ga scope ya canza zai ɗauka wata saba ce daban, ba zai ma yi ƙoƙarin maidowa irin na ristat ba. So ko dai sabuwar ta ɗauki hostname na tsohuwar, ko ka saita scope a nfs.conf in nfs-utils ɗinka yana da shi. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, sun kwashe komai daidai amma kulle bai dawo ba suna ta mamaki.

Baffa_Unix: Madalla, wannan ƙarin yana da muhimmanci.

Ummi_sysad: Kuma ko an yi duk wannan a gaya wa oga gaskiya, lokacin alfarma shi ma tsaiko ne. Daƙiƙa 90 ba mai buɗe sabon fayil ta v4, ba mai samun sabon kulle, saba tana ta amsa NFS4ERR_GRACE manhajoji suna rataye suna jira. In duka kilayantocin 4.1 ne zuwa sama zai iya ƙarewa da wuri saboda kowanne yana aika RECLAIM_COMPLETE in ya gama, amma "ko na minti ɗaya" ɗin nan dai babu shi.

zee_linux: ni abin da nake tsoro a juya IP shi ne TCP. tsohuwar ta ɓace bata rufe haɗin ba, kilayant yana zaune yana jiran amsa, timeo na TCP 600 ne wato daƙiƙa 60 kafin ya sake gwadawa. cikin 90 ɗin an cinye 60 kenan kafin ma ya san an yi wani abu. ga ARP mai haɗa IP da katin netwok, in switch da sauran injina basu sabunta ba. shi yasa ake tura gratuitous ARP, su CTDB (manhajar kulasta ta Samba) kuma har da ɗan fakitin da suke aikawa don su tsokani kilayant ya yanke tsohon haɗin nan take. in ba zaka yi wannan ba gara ka ƙara lokacin alfarmar a daren

Garba2049: Kuma a tabbata tsohuwar ta mutu da gaske kafin sabuwar ta fara. Saba biyu suna ba da kulle a kan fayil ɗaya ya fi ɓatan kullen muni.

Aliyu_ops: Tambaya ta gefe dan Allah, tunda masana sun taru. Mu namu ba ƙaura ta dindindin ba ce, sabobi biyu ne kowacce da nata export da nata IP, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta ɗauki duka. Matsalar ita ce duk lokacin da aka yi haka har kilayantocin da ba ruwansu suma sai sun tsaya. Dole ne?

Injiniya_Bala: @Aliyu_ops da nfsd na kanel kusan dole ne, saboda lokacin alfarma na sabar ne gaba ɗaya ba na export ɗaya ba. Don baƙin su samu damar maidowa sai an yi wa nfsd ristat, yin hakan kuma ya jefa 'yan gida cikin maidowa su ma. Masu kauce wa wannan suna sa kowane nfsd a nasa kwantena da nasa netwok namespace, sai ya zama kowanne da nasa lokacin. A Ganesha kuwa, wata sabar NFS da ba ta cikin kanel, in kulasta ce a kan ma'aji ɗaya kamar CephFS da gangan ake sa duka sabobin su shiga lokacin alfarma tare, don in ɗaya ta ƙi shiga za ta iya ba wani sabon kulle a kan fayil ɗin da wani yake hanyar maidowa ta ɗayar. Ga kuma /proc/fs/nfsd/unlock_ip da unlock_filesystem, in kana mayar da export gida kuma umount ya ƙi saboda lockd yana riƙe da fayiloli, nan za ka rubuta adireshin ko hanyar ya saki.

Aliyu_ops: Na gode Injiniya, unlock_filesystem ɗin nan zai min amfani.

Hauwa_dev: Mu dawo kan Sadiq. Ni shawarata ko ya aka yi ƙaurar, a cire maganar cron ɗin nan daga kan NFS. In kuna da PostgreSQL ku yi amfani da advisory lock ɗinsa, aikin ya riƙa bi ta wannan haɗin, haɗin yana yankewa aikin ya gani. Ko mafi sauƙi, inji ɗaya kawai ya riƙa yin aikin. In kuma dole sai fayil, sikirif ya riƙa rubuta wani abu a cikin fayil ɗin kullen kafin kowane mataki mai haɗari, ta wannan fd ɗin (buɗaɗɗen fayil ɗin) da ya riƙe, yana duba ko rubutun ya shiga, aƙalla a v4 zai ci karo da EIO ya tsaya. Ba kariya ce cikakkiya ba don tsakanin dubawa da aikin akwai ɗan rata, amma ta fi babu.

Musty_IT: to me zai hana a yi mkdir a matsayin kulle? shi ai folda ce, rsync zai kwashe ta

Hauwa_dev: Wannan karon ka kusa 😄 mkdir yana aiki a NFS, mutum ɗaya ne zai yi nasara, kuma eh yana bin bayanan duk inda suka je. Amma in mai riƙe da shi ya mutu ba mai share shi, sai aikin ya daina gudana gaba ɗaya har wani ya lura. Kuma da rsync ɗin ma, in aka ƙirƙiri foldar bayan bi na ƙarshe ya wuce wurin fa? Ko aka goge ta a tsohuwar bayan an kwafe?

Baffa_Unix: Sadiq, wannan manhajar ta fcntl, ba dai SQLite ba ce a ƙarƙashinta? In ita ce ka rufe ta ruf kafin ka taɓa komai, su kansu masu SQLite sun yi gargaɗi a kan ɗora ta a ma'ajin netwok, yanayin WAL ma ba ya aiki in injinan daban-daban ne.

Sadiq_root: A'a Baffa, fayilolinta ne na kanta. Na gode muku duka wlh. Abin da na tsayar yanzu: DRBD ɗin nan ba zan iya shirya shi a kan tsohuwar da disk ɗinta suke haka ba, don haka rsync ɗin dai zan yi, in je in samu oga in ce a ba ni lokacin tsayar da aiki da daddare. In kashe cron a injinan biyu, in tsayar da manhajar, in duba lslocks a kowane kilayant da /proc/locks a saba har sai ba kowa, in sauke mawunt, in yi bi na ƙarshe, in juya IP, a sake hawa. Tsohon injin kuma zan gwada mayar da shi 4.

dan_kanel: Ka leƙa /proc/fs/nfsd/clients ma in kanel ɗin tsohuwar ya kai 5.3, kowane kilayant na v4 yana da folda a ciki da fayil mai suna states, zai nuna maka wa ya buɗe me. Sau da yawa akwai wani inji da kowa ya manta yana hawa.

Ummi_sysad: Bayan ka sauke mawunt ɗin kowa ka mayar da export na tsohuwar ro, wato karatu kawai, kafin bi na ƙarshe, saboda irin injin da dan_kanel yake faɗa.

MalamTasiu: Ni dai har yanzu ina ganin da za ka iya yin ta matakin disk da ka yi, don gobe in an ce a yi kulasta aikin da ka guje wa yau shi za ka dawo ka yi. Sau ɗaya ake koyon sa.

Garba2049: Malam a kan disk mai mutuwa? Ya bari ya koya a injin gwaji. Ni na fi yarda da tsayar da komai, minti kaɗan ne kowa ya san abin da ya faru.

MalamTasiu: Minti kaɗan in kilayantocin goma ne. In ɗari uku ne fa, kowanne da mai shi?

zee_linux: @Sadiq_root kafin ka mayar da tsohon injin 4 ka duba local_lock a /proc/mounts na duka biyun, none ya kamata ka gani. in ɗaya yana da flock ko all to dama can kullen cron ɗin bai taɓa zuwa saba ba

Sadiq_root: @zee_linux na 4.2 ɗin none ne. Na v3 ɗin bari in shiga in gani, wani ne ya saita shi tun kafin in zo.